Tarihin Ƙungiyoyin Rotary Da Lions A Ƙasarmu, Da Abin Da Ya Shafe Mu A Ciki

  

Lokacin da edita ya nemi in rubuta wani abu na tarihi na so in zille, domin kowa a ajinmu ya san ba ni ne gwanin darasin Tarihi ba, malaminmu kuwa yana nan da ransa, zai iya ba da shaida. Abin da ya faru a taronmu na bara shi ya sa na amsa. Waɗanda suka halarta za su tuna sa'ad da ma'aji ya miƙe ya karanta alkawuran da aka yi ranar ƙaddamar da asusun gyaran ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, sa'an nan ya karanta abin da ya shigo hannunsa. Ko rabi bai kai ba. Zaure ya yi tsit, kowa ya shiga duban takalminsa. A kan hanyata ta komawa gida sai na tuna da wata 'yar ƙararrawa ta tagulla da wani littafi mai baƙin bango, waɗanda na taɓa riƙewa a wannan makaranta fiye da shekara arba'in da suka wuce.

Muna aji uku, a cikin 1981, wasu mutane suka zo daga gari cikin mota, kowanne da ɗan tambari mai kama da wilin inji a ƙirjin rigarsa. Suka gana da Firinsifal, bayan 'yan makonni aka kafa mana kulob ɗin Interact, aka sa malaminmu na Labarin Ƙasa ya zama uban ƙungiya. Ni aka ba sakatare, ba don komai ba sai don rubutuna yana karantuwa. Mun shafa wa ɗakin shan magani farar ƙasa, mun share maƙabartar ƙauyen da ke bayan filin ƙwallo, mun kuma buɗe ajin yaƙi da jahilci ga masu dafa mana abinci da leburorin makaranta. A lokacin ban san daga ina abin ya taso ba. Sai daga baya na bi sawunsa, ga kuma abin da na samo.

Asalin abin daga birnin Shikago ne na ƙasar Amurka. Ranar 23 ga Fabrairu, 1905, wani lauya mai suna Paul Harris ya zauna da abokansa uku: mai sayar da kwal, da tela, da injiniyan haƙar ma'adinai. Shi Harris a ƙaramin gari ya tashi, yana kewar irin zaman nan da kowa ya san kowa. Sai suka shirya su riƙa haɗuwa, yau a ofishin wannan, wani makon a na wancan, kamar dai yadda ɗaukar adashi ke zagayawa. Daga wannan zagaye sunan Rotary ya samo asali. Kada mai karatu ya ɗauka don jin ƙan talakawa aka kafa ta tun farko. A'a, zumunci ne da ciniki, tela ya yi wa lauya ɗinki, lauya ya tsaya wa mai kwal a kotu, shi ya sa ma suka ce mutum ɗaya za a ɗauka daga kowace sana'a. Sai a 1907 suka yi aikin jama'a na farko, wato suka tsaya kai da fata har aka gina ban-ɗakin jama'a a tsakiyar birnin. Duk wanda ya zagaya bayan ɗakunan kwanan ɗalibai na makarantarmu kwanan nan zai yarda mutanen nan sun san inda ya kamata a fara.

A 1917 shugabansu na lokacin, Arch Klumph, ya kawo shawarar a buɗe asusu na dindindin, kuɗin farko da ya shiga ciki kuwa dala 26 ne da santi 50. A wannan shekarar ce, a Shikagon dai, wani ma'aikacin inshora mai suna Melvin Jones ya kafa ƙungiyar Lions. Su kuma abin da ya ba su alkibla shi ne jawabin da Helen Keller, matar nan da ba ta gani ba ta ji, ta yi a babban taronsu na 1925, inda ta roƙe su su ɗauki yaƙi da makanta ya zama aikinsu. Suka ɗauka, kuma har yau da shi aka fi saninsu.

A nahiyarmu abin ya bi sawun kasuwancin Turawa ne: Johannasbag a 1921, Alƙahira a 1929, Nairobi a 1930, Dakar a 1939, Akara a 1958. To, ga abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba. Kulob ɗin Rotary na farko a duk Nijeriya ba a Ikko aka kafa shi ba, a Kano ne, cikin watan Afrilu na 1961, ba a cika shekara da samun mulkin kai ba. Na Ikko da na Badun sun biyo baya a cikin wannan shekara. Lions kuwa sai a 1964 ta shigo, ta Ikko.

In an duba Kano ta wancan zamani ba abin mamaki ba ne. Ga jirgin ƙasa yana kwasar gyada da fatu zuwa bakin teku, ga filin jirgin sama wanda jiragen Turai ke yada zango a cikinsa, ga kamfanonin Turawa da bankuna, ga Kwarori da kantunansu, ga masana'antu suna tasowa a Bompai. Irin mutanen waɗannan wurare su suka fi yawa a kulob ɗin a shekarun farko. Da Turanci ake taro, a otal, a kan tebur da cokali mai yatsu. Attajirin cikin birni mai fataucin goro, wanda wataƙila ya fi kowa a teburin dukiya, ba ya ciki, ba ya ma sha'awa. Abin ya soma sauyawa ne bayan dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, ga kuɗin man fetur, ga kuma likitoci da lauyoyi da akantoci da Jami'ar Ahmadu Bello ke yayewa. Kujerun da baƙi suka bari 'yan ƙasa suka hau, kulob-kulob suka yaɗu a Kaduna da Jos da Zariya da sauran manyan garuruwa. Mata kuwa an daɗe ana tsare musu ƙofa, sai dai su shiga Inner Wheel, ƙungiyar matan mambobi da aka kafa a Ingila a 1924. Sai da kotun ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a 1987, sa'an nan a 1989 Rotary ta buɗe musu ƙofa a duniya baki ɗaya.

Ba zan ɓoye ba, mutanenmu sun yi wa waɗannan ƙungiyoyi kallon zargi. Da na kai katin Interact gida, wani kawuna cewa ya yi an sa ni a ƙungiyar asiri. Mutane ne ke taruwa a ɗaki kowane mako, ga tambari, ga ƙararrawa, ba a kuma shiga sai an gayyace ka. Me kake so mai kallo daga waje ya ce? Ba mu kaɗai muka yi wannan zargi ba. Gwamnatin Hitila ta tilasta wa kulob-kulob na Jamus rufewa a 1937, fadar Paparoma ta hana limaman cocinta shiga a 1951, wasu malaman ƙasashen Larabawa su ma sun yi fatawa a kansu. Ni dai iyakar abin da idona ya gani a tarurrukan da aka kai mu, cin abinci ne, da jawabin baƙo, da karanta lissafin kuɗi.

A nan ne nake so mu tsaya kaɗan. Shin taimakon juna ne suka zo koya mana? Ko kusa. Tun kafin a haifi Paul Harris kakanninmu ke yin gayya: mai gona ya raba goro, ranar da aka sa samari su fito da fartanya da garma, makaɗa na zuga su, mata na kawo fura, kafin la'asar an gama noman da zai ci mutum ɗaya wata guda. Da aikin gayya ake yaɓen ganuwa, da shi ake yashe rijiya da gyaran masallaci. Ga zakka, ga wakafi, ga gudummawar biki da ta mutuwa. A zamanin nan ma, Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962 ta fito da 'yan agaji, kowace unguwa kuma tana da ƙungiyar taimakon kai da kai mai yashe kwata da haƙar kabari, ba tare da an ɗauke su hoto ba. In don yawan alheri ne, samarin unguwa ɗaya sun isa su ba kulob guda kunya.

Abin da waɗancan suka zo da shi, a ganina, tsari ne. Gayya aikin yini ɗaya ce, kuma takan rataya a wuyan mutum ɗaya mai faɗa a ji, ranar da ya kwanta dama sai ta bi shi. Su kuwa shugaba shekara ɗaya tak yake yi, ya hau ranar 1 ga Yuli ya sauka ƙarshen Yuni, an kuma san magajinsa tun shekara guda kafin ya hau. A wancan zamani in mutum ya ƙi zuwa taro sau huɗu a jere ba uzuri, ya fita ke nan, ko shi wane ne. Duk kwabon da ya shiga da rasidinsa, ƙarshen shekara kuma wani dabam ya zo ya binciki littafin ma'aji. Malaminmu na Labarin Ƙasa ya taɓa hana mu cin abincin dare a kan lokaci saboda kwabo 30 da suka ɓace tsakanin littafina da na ma'ajinmu, sai da aka gano kuɗin burushin farar ƙasa ne ba a rubuta ba. A daren na ji haushinsa. Daga baya da na riƙe amanar kuɗin ma'aikata na yi ta sa masa albarka.

Ba wai ba su da nasu aibin ba. Shekara ɗayan nan ta shugabanci takan sa kowane shugaba ya so nasa aikin mai ɗauke da sunansa, sai a bar na wanda ya sauka ya lalace. Mun ga rumfunan jiran mota da allonsu ya kusa fin rumfar girma. Mun ga rijiyar burtsatse da aka buɗe da kaɗe-kaɗe, bayan wata shida famfo ya karye, ba wanda aka koya wa gyara, ba kuma wanda ya tambayi mutanen ƙauyen ko a nan suke son ta. Wasu kuma sun shiga ne kawai don su zauna kusa da manajan banki.

Ta wajen tara kuɗi, hanyoyinsu ba ɓoyayyu ba ne. Akwai kuɗin shekara da kowane mamba ke biya. Akwai tara ta raha da wani jami'i mai kamar dogarin taro ke ci: ka makara tara, ka manta tambarinka tara, an ga hotonka a jarida tara. Kuɗi ne ƙanana, amma da yake kowane mako ne, sai ka ga sun taru. Akwai liyafar dare da ake sayar da tikitinta, akwai kuma tikitin gasar cin kyauta, wanda mambobi Musulmi da dama suka ƙi taɓawa saboda kamarsa da caca, kuma ina ganin suna da hujja. Babbar dabarar ita ce haɗa kulob na nan da wani na ƙasar waje a kan aiki ɗaya, kowa ya kawo nasa, sa'an nan babban asusu ya ƙara musu. Tun 1957 kuma duk wanda ya ba asusun dala 1,000 ana ba shi lambar girma mai sunan Paul Harris. A farkon shekarun 1980, lokacin da naira ta fi dala daraja, wannan ba ya gagarar babban ma'aikaci. Da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986 naira ta soma zubewa, a 1993 dala ɗaya ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati, a 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Mutane da yawa masu son aikin sun janye ne don kuɗin da ake biya da dala ya fi ƙarfinsu.

A daidai wannan lokaci ne mu kuma muka rungumi tamu hanyar, wato bikin ƙaddamar da asusu. A kafa rumfuna, a gayyato babban mai ƙaddamarwa, sanƙira ya riƙe lasifika, a ambaci kuɗi a yi tafi. Na taɓa zama a kwamitin irin wannan biki a garinmu. Babban baƙo ya faɗi adadin da ya sa mata guɗa, ya miƙa cek a gaban jama'a, ranar Litinin banki ya dawo mana da shi. Muka yi ta sintiri a ƙofar gidansa har muka haƙura, kuɗin rumfa da na lemo kuma daga aljihunmu suka fita. Abin da kulob ke tarawa da tarar makara bai kai a yi masa guɗa ba, amma yana cikin akwati.

Sai batun musayar matasa, wanda shi ne ya fi taɓa rayuwata. A Turai aka soma shi cikin shekarun 1920, kulob ɗin Kofanhagan na ƙasar Danmak na cikin na farko, sai a 1975 Rotary ta mayar da shi shirinta na hukuma: yaro ɗan sakandare ya tafi wata ƙasa, ya zauna a gidajen mutane kamar ɗansu, ya yi makaranta a can. Lions sun fara nasu a 1961 tsakanin Japan da Amurka. Interact ɗinmu an ƙirƙiro ta a 1962, Rotaract ta 'yan jami'a da matasa ma'aikata kuma a 1968. Gaskiyar magana, zuwa ƙasar waje bai iso kan irinmu 'ya'yan talakawa ba. Kuɗin jirgi kaɗai ya isa ya kore mu. Musayar da muka sani ita ce ta gwamnatocin jihohin Arewa, wadda ta kawo mana 'yan ajinmu daga Binuwai da Kwara da Filato, da kuma hidimar ƙasa da Janar Gowon ya kafa a 1973, wadda ta kawo mana malaman Lissafi daga kudu.

Amma a dogon hutun 1982 kulob ɗin da ke kula da mu ya shirya da wani na Badun a yi musayar ɗalibai ta mako biyu, aka zaɓe mu mu huɗu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ce sam. Malaminmu ya hau babur ɗinsa ya je har gida, ya durƙusa ya gaishe shi. Baba ya ce, “Malam, yaron nan amana ce a hannuna. Wa zai tashe shi sallar asuba a gidan da ba a salla? Yankan wa zai ci?” Malam ya ce, “Alhaji, ni zan kai shi da kaina, in ga gidan da idona. In bai yi mini ba, tare za mu dawo.” Baba ya yi shiru, can ya ce, “To, na ba ka shi, ba su na ba ba.”

Muka shiga jirgin ƙasa daga Kano, muka bi ta Kaduna da Minna, muka haye gadar Jebba, ni ban taɓa ganin ruwa mai faɗin Kwara ba sai ranar. Gidan da aka sauke ni na wani mai kantin magani ne, Bayarabe Kirista. Matarsa ta riga ta sayi sabuwar buta da tabarma, nama kuwa daga hannun mahautan Sabo take sayowa, unguwar Hausawan nan ta Badun. Kullum da asuba sai in ji ta ƙwanƙwasa ƙofa, ranar Juma'a kuma maigidan da kansa ya kai ni masallaci a motarsa, ya zauna a ciki yana karanta jarida har aka idar. Da hutun Kirsimeti ɗansu, tsarana, ya zo gidanmu. Hunturu ya farfasa masa leɓe, kakata ta yi ta shafa masa man kaɗe tana yi masa tsiya wai mijinta ne rago. Miyar kuka ta gagare shi kwana biyu, a na uku ya nemi ƙari.

Bayan shekara tara aiki ya kawo shi wata masana'anta a Kano. Da rikicin watan Oktoba na 1991 ya ɓarke, wanda duk mun san irin rayukan da ya ci, mahaifina, mutumin da ya ce sam, shi ya aiki ƙanena da doguwar riga da hula ya ce a je a taho da shi. Kwana huɗu ya yi a ɗakin soro. Da wasu samari suka zo ƙofar gida suna tambaya, Baba ya fito da carbinsa ya ce, “Ɗana ne ke ciki. Wanda ke da magana da shi ya fara da ni.” Har yau muna zumunci, ya zo jana'izar Baba, ni ma na je ta mahaifiyarsa.

Babban aikin da tarihi zai riƙe wa Rotary shi ne yaƙi da shan inna. Mu da muka tashi a ƙauye mun san yadda ake cewa Inna ce ta shanye wa yaro ƙafa, a yi ta turare da rubutu, alhali ƙwayar cuta ce da ke bin ƙazanta ta shiga ta baki. A 1979 suka gwada yi wa yara miliyan shida rigakafi a ƙasar Filifin, a 1985 suka ƙaddamar da shirin PolioPlus da nufin tara dala miliyan 120, kafin ƙarshen gangamin suka tara miliyan 247. Wannan na cikin abin da ya ƙarfafa wa Hukumar Lafiya ta Duniya gwiwa ta ɗaura aniyar kawar da cutar a 1988, lokacin tana nakasa yara wajen 350,000 kowace shekara a ƙasashe 125. A 1996 Nelson Mandela ya jagoranci gangamin korar ta daga Afirka. Lions su ma a nasu ɓangaren sun buɗe shirin SightFirst a 1990, suka shiga aikin cire yanar ido, suka kuma haɗa hannu da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter wajen raba maganin makantar da ƙudan bakin rafi ke kawowa.

Ga inda tarihin ya zo da abin al'ajabi. A watan Yuli na 2003 ɗan Afirka na farko ya hau shugabancin Rotary ta duniya, wato Jonathan Majiyagbe, babban lauya wanda ya yi rayuwar aikinsa a Kano, ɗan kulob ɗin Kano tun 1967. A cikin wannan shekara tasa ce Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin, bisa zargin an sa maganin hana haihuwa a ciki. Wato mutumin da ke zagaya duniya yana roƙon a kawar da shan inna, a garinsa aka rufe ƙofa. Ni ban ga laifin talaka da ya yi tambaya ba. Bai manta da gwajin maganin sanƙarau da wani kamfanin Amurka ya yi a kan yaran Kano a 1996 ba, ana kuma cikin yaƙin Iraƙi. Yana kuma ganin ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro na kashe masa 'ya'ya, in ya je asibiti a ce ya sayi magani, amma ga wani ɗigo ana bin sa da shi har gida kyauta. Sai dai yaran da aka hana ɗigon su suka biya. Cutar ta bazu daga nan zuwa ƙasashe wajen 20, har Sudan da Yaman da Indunusiya, a 2006 kuma yaran da ta kama a Nijeriya sun haura 1,000.

Kuɗi bai buɗe wannan ƙofa ba, ko da yake akwai shi jibge. An koma rigakafi a Kano a watan Yuli na 2004 bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi, gwamna Malam Ibrahim Shekarau ya miƙa 'yarsa aka ɗiga mata a bainar jama'a. Marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ya sa baki, a 2009 Sarkin Musulmi Alhaji Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan lafiya, aiki ya sauka hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai. Waɗanda cutar ta nakasa suka riƙa shiga gida gida a kan kekunansu suna cewa iyaye su dube su. Mata masu ɗaukar akwatin sanyi suka yi ta yawo a rana suna shafa wa yara tawada a ƙaramin yatsa, suna yin alama da alli a ƙofar gida. Tara daga cikin ma'aikatan nan aka harbe a Kano a watan Fabrairu na 2013, Allah ya jiƙansu. Wato sai da littafin ma'aji ya haɗu da gayya irin tamu sa'an nan aiki ya tafi. Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar ta kama a Jihar Kano a Sumaila yake, a 2014, na ƙarshe a ƙasa baki ɗaya kuma a Borno, a 2016. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ba Afirka shaidar rabuwa da ita, shekara 35 bayan ƙaddamar da PolioPlus. Majiyagbe ya ga wannan rana kafin rasuwarsa a 2023. Ana ci gaba da ɗigon har yanzu, saboda wani nau'in cutar da ke ɓulla a inda rigakafi ya yi ƙaranci.

Ban rubuta wannan don in ce kowa ya je ya shiga Rotary ko Lions ba, ni kaina ban shiga ba bayan na bar makaranta. Ƙungiyarmu nake ji. Shekara nawa ke nan ba mu yi zaɓe ba? Yaushe rabon da wani ya binciki littafinmu, ba don ana zargin ma'aji ba, sai don a sauke masa nauyi? Mun taɓa ɗakin kimiyya, mun taɓa katanga, mun taɓa motar makaranta, wanne muka gama? Shawarar da zan kai taro mai zuwa ita ce mu ajiye bikin ƙaddamarwa, kowane aji ya naɗa mutum ɗaya mai karɓar abin da ya sawwaƙa duk wata, da rasidi, mu kuma tsaya a kan ɗakin kimiyya shi kaɗai har sai ɗalibi ya kunna wuta a cikinsa ya yi gwaji. Ina kuma roƙon 'yan uwanmu da ke zaune a Jos da Makurɗi da Ilori da Badun, kowa ya karɓi ɗalibi ɗaya na mako guda a dogon hutu, mu ma nan mu karɓi nasu, da yardar iyaye da rakiyar malami.

Kafin wani ya tona ni, gara in tona kaina: ina cikin waɗanda suka duƙar da kai a taron bara, domin rabin alkawarina kawai na cika. Na kai wa ma'aji ragowar kafin in miƙa wa edita wannan takarda, rasidin yana aljihuna. Ma'aji ya ce in sanar cewa a fitowa ta gaba za a buga sunayen waɗanda suka biya, aji aji. Ƙararrawar tagullar nan kuwa na tambaya, an ce tana cikin kabad a ofishin mataimakin Firinsifal, sai dai mariƙinta ya karye.